Zanen da Sunka Goge a Fuskar Abarta

Shekara goma ke nan cif tun ranar da maza sunka ɗauki Abarta sunka fita da ita ta ƙofar gidan nan, mu mata muna tsaye muna kallon bayansu. Ni ba da takarda nake ƙidayar shekaru ba, da albasa nake ƙidaya. Sau goma anka dasa ta a fadamar Badaguishiri bayan Abarta, sau goma anka tone. Ɗiyar da ta bari, Saude, shekararta huɗu a lokacin, ko zane ba ta iya ɗaurawa ba. Yau in ina son in dubi idonta sai na ɗaga kai.

Sunana Tamo. Ni ce kakar Abarta, ni na haifi uwarta. Ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba sai na allo, shi ma ɗan abin da zan yi salla. Madam ɗin da anka kawo ta koyar da yaran garinmu ita ke riƙe da alƙalami, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana, don kwanan nan na ga aikin masu gyara.

Ku masu karatun jarida, da yawanku kun san muryar jikata. In kun taɓa shiga motar haya daga Konni zuwa Illela, ko kun zauna gidan biki, kun ji waƙar nan ta ƙwarya mai ɗinki. Fuskarta ce ba ku sani ba. Wagga fuska da ake yawo da ita bana a jikin riguna da bangon shaguna, an rubuta sunanta a ƙasa, ba tata ba ce. Abin da ya sa na ce a zauna a rubuta ke nan.

Bari in faro daga tushe. Ɗiyata Hajo wabi ta yi. Huɗu ta haifa, huɗu munka rufe, babu wanda ya kai yaye. Wanda bai taɓa ganin mace tana tatsar nononta tana zubarwa a ƙasa don babu mai sha ba, kada ya yi gaggawar yanke mana hukunci. Da ta biyar ta zo, mace, 'yar ƙarama kamar ɗan tsako, na ce wannan karon ba zan naɗe hannu ba. A wurinmu, in mutuwa ta saba da ƙofar ɗaki, sai a ɓad da mata sawu. A ba jariri sunan roƙo, a yi mai zanen da ba na gidansu ba, don in mai ɗauka ta leƙo ta ce wannan ba ɗan gidan nan ba ne, ta wuce. Ranar suna liman ya raɗa mata Hauwa'u, ni na ce Abarta, a bar mana ita. Ni na riƙe ta a cinyata wanzami ya sa aska. Bille guda dogo, daga karan hanci ya gangaro kuncin hagu, da gajeru uku-uku a gefen baki. Jaririya na kuka, Hajo ta juya baya tana kuka, ni ban yi ba. Ƙirgawa nake. Bakwai.

Na sani. Malamai sun faɗa, na kuma karɓa: aska ba ta tsare rai, Allah ke rayawa. Da anka haifi Saude ni da kaina na hana a taɓa mata fuska. Amma abu ɗaya ba wanda zai raba ni da shi: zanen nan ba ƙiyayya ta yi shi ba. Duk wanda ya dubi fuskar Abarta ya dubi gidan da ya rufe huɗu ya ƙi ba da ta biyar. Rubutunmu ke nan, mu da ba mu iya rubutu ba.

Hajo ta rasu Abarta na da shekara bakwai, sai ta dawo hannuna. Yarinya ce mai baki. 'Yan mata na yi mata ba'a a bakin rijiya, suna cewa an yi huɗa a fuskarta sai a jira ruwa a zuba gero. Sai ta ce musu ai gara gonar da anka yi wa huɗa da faƙon da ko akuya ba ta tsayawa. Ga ta da murya. In tana daka tana waƙa, matan maƙwabta kan jawo turminsu kusa da dangarmu, wai nan ne inuwa ta fi.

Ina da wata tsohuwar ƙwaryar fura da ta tsage, gyartai ya ɗinke mini ita. Wata maƙwabciya ta ce in yar in sayi roba kamar kowa. Abarta, lokacin ta fara zama budurwa, ta ɗauki ƙwaryar ta kara ta da kuncinta ta ce, “Kaka, kada ki yar mini da ƙanwa.” Kafin a sauke tuwo ranar ta haɗa waƙa:

Ni ƙwarya ce mai ɗinki,
wanda ya so ni bai yar da ni ba.
In za ka sha, sha da ɗinkina,
in ba ka so, bar ni ga mai ƙishirwa.

A tsakar gidan nan anka haifi waƙar, kusa da turken awaki. Ku riƙe wannan, don za ku ji wasu na cewa a mafarki ta zo musu.

Wanda ya aure ta Idi ne, mai lodin siminti a Malbaza. Ranar kasuwa yakan zo daga wurin aiki fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari. Na tsare shi a zaure, irin wasan kaka da mai neman jika, na tambaye shi ko 'yan mata masu sumul ɗin fuska sun ƙare a Malbaza. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Kaka, masu sumul ai duk kamarsu ɗaya, in na juya cikin kasuwa sai in ɓata tawa. Wannan ko cikin dubu zan hango ta.” Sai ga muryar Abarta daga bayan ƙyaure: “Kaka, ce mai ya wanke tasa fuskar tukuna, mu ga ko akwai mutum ƙarƙashin simintin.”

Idi bai iya waƙa ba. In ya buɗe baki jakin amalanke ma sai ya waiwayo. Amma na shekara saba'in da ɗoriya a duniya, ban ji maganar so da ta kai tasa ba, har a rediyo.

Mako guda bayan biki ya kai ta wurin mai hoto a Malbaza. Ita kaɗai anka ɗauka, da koren mayafi, tana dariya, billen ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, yadda yake yi kullum in ta yi dariya. Ta kawo mini hoton ta ce in ajiye, in kewa ta kama ni in duba in daina damun mutane.

A wani biki ne a Malbaza, tana yi wa mata waƙa, wani saurayi daga Konni ya ji ta. Ba zan kama sunansa ba. Baƙin tabarau yake sawa ko cikin ɗaki, don haka a gidan nan Mai Tabarau muke ce mai. Lokacin ba kowa ba ne, ɗaki guda gare shi da anka lulluɓe bangonsa da katifa, da na'urar ɗaukar murya. Ya roƙi Idi, Idi ya yarda, ya ari babur ya kai ta da kansa. Ta rera waƙar ƙwarya, Mai Tabarau ya ɗora tasa muryar yana amsawa, wai shi ne mai ƙishirwar, zai sha da ɗinki, zai so ta yadda Allah ya yi ta. Anka sa kiɗan zamani. Abin ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Sai anka ce ta dawo ranar Lahadi za a ɗauki hoton waƙar, wanda ake kallo a waya. Ta yi kitso, ta sa lalle, Idi ya ɗinka mata sabuwar atamfa. Da sunka isa lambun da anka ce, sai ta tarar da wata yarinya fara sol da anka kawo daga tsallaken iyaka, an yi mata kwalliya, ta hardace waƙar. Ashe haka aikinsu yake: mai murya daban, mai fuska daban. A kunna muryar Abarta, waccan ta riƙa motsa baki. Aikin da anka ba Abarta ranar shi ne ta nuna wa yarinyar inda ake jan numfashi, in an tsaya kuma ta riƙe mata lema kada rana ta narkar da kwalliya. Da Idi ya yi magana, Mai Tabarau ya ja shi gefe ya ce kada ya ɗauka da zafi, na'ura ce ba ta son zane, mutanen birni kuma in sun ga bille sai su ce waƙar ƙauye ce.

Har ƙwaryar da sunka ba yarinyar ta riƙe sabuwa ce fil, an yi mata fenti. Babu ɗinki ko ɗaya.

Ni a kasuwar Badaguishiri na fara gani. Ina zaune gaban albasata, wata mai saye ta miƙo mini waya ta ce in kalli waƙar da ake yayi. Na ji muryar Abarta tana fitowa daga bakin wata. Na yi a'uzubillahi, na ture wayar, don ni a sanina in muryar mutum ta fito daga bakin wani to iska ne. Masu tumatir sunka yi ta dariya, sunka yi mini bayani. Da na gane, sai na ga gara ma iskan. Shi iska in ya hau mutum yakan faɗi sunansa.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ba kuɗin ne ya tsaya mini ba, abin da sunka ba ta ita ta sani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waƙar da ke cewa a so ni da ɗinkina, an ɓoye mai ɗinkin a bayan lema.

Washegari na hau mota zuwa Malbaza. Na same ta tana wanki. Na zauna kan turmi na ce mata ni na jawo mata, ni na riƙe ta anka tsaga. Ta yarfe kumfa daga hannunta ta ce, “Tsohuwa, ki bar wannan magana. Ke roƙo kika yi a bar miki ni, an kuwa bar miki. Su ne ba su da ido, ba ni ce ba ni da fuska ba.” Ta kawo mini fura, ta yi ta ba ni dariya da yadda yarinyar ke buɗe baki kamar kifi a tudu. Amma da la'asar, zan shiga ɗaki in ɗauki mayafina, na hango ta tsaye gaban madubi, ta sa tafin hannu ta rufe kuncin hagu tana kallon abin da ya rage. Na koma da baya ba ta ji ni ba. Har ta bar duniya ba ta san na gani ba.

Ta ƙara yi musu wasu waƙoƙin, don tana son waƙa kamar yadda wasu ke son goro. Kowace da fuskar da ake ɗora mata. Sunanta bai taɓa fitowa ba. Sannan zazzaɓi mai zafi ya same ta da cikin wata bakwai, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa, ita da abin da ke cikin. Kwanakin zaman makoki masu lodin siminti sunka cika zauren nan, ƙurar aiki a gashin idonsu, wasu ko sunansu ban sani ba. Daga cikin masu waƙar soyayya ko mutum ɗaya bai tako ba. Mai Tabarau ya bugo wayar Idi ya ce yana kan hanya zuwa wasa.

Saude ta dawo hannuna, kamar uwarta. A nan na yi nawa kuskuren, ba zan ɓoye ba tunda ina tonon na wasu. Mu a wurinmu ba a nuna wa ƙaramin maraya kayan uwarsa, kada kewa ta ci shi, kada uwar ta riƙa janyo shi. Na nannaɗe hoton da tsumma na sa a ƙasan adudu, na ce sai ranar aurenta. Hotunanta da ke cikin wayar Idi sun tafi da wayar ranar da ta faɗa ƙarƙashin tayar kamiyo, babbar motar siminti. Saude ta tashi tana jin ana cewa uwarta mai bille ce, tana jin muryarta a wayar kowa, amma ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Ji kuwa ba gani ba ne.

Shekara goma, Mai Tabarau ya zama babban mutum. In ya sauka gari sai jandarma sun buɗe mai hanya. Ina jin shi a rediyo yana cewa a so kowa, a so baƙi a so gajere, kada a raina halittar Allah, shi waƙarsa ta haɗa kan jama'a ce. 'Yan mata na kuka in sun ji. Bana sai wani ya tona a waya cewa muryar ƙwarya mai ɗinki ta wata 'yar ƙauye ce da ta rasu ba wanda ya san ta. Jama'a sunka hau tausayi. Shi kuwa ɗan kasuwa ne, ya san ranar da tausayi ke tsada.

Da mota uku sunka zo ƙofar gidan nan, shi da mutanensa, da hantsi, Saude na makaranta. Ya durƙusa gabana ya kama hannuna, ya cire tabarau ya share ido. Sai mai riƙe da na'ura ya ce haske bai yi ba, a koma gindin darbejiya. Anka ɗaga ni, anka sake zaunar da ni, ya sake durƙusawa, ya sake cire tabarau, ya sake share ido a daidai inda ya share ɗazu. Na ga wannan da idona, amma na ƙyale, don ya faɗi maganar da na daɗe ina jira. Ya ce za su yi taron cika shekara goma a Konni, suna son duniya ta ga fuskar da ta yi waƙar. Ko akwai hoto?

Tsufa ba ya hana wauta. Na shiga ɗaki na buɗe adudu, na warware tsumman da ban taɓa ba tun ranar sadakar arba'in. Ko kallon kirki ban yi mata ba, idona ya cika. Na miƙa. Ya ce mako guda za a maido.

Bayan mako uku wani direba ya kawo saƙo. Ba hotona ba ne. Wani babban hoto ne cikin gilashi, da baki mai ruwan zinariya, da riguna biyu masu irin hoton. Na duba, na sake dubawa, na fita da shi rana. Mace ce fara, fuska sumul kamar ƙwai, an tsuke mata hanci, an ja mata gira. Babu bille. Babu uku-ukun gefen baki. Koren mayafin kaɗai na gane.

Ina tsaye da shi Saude ta shigo. Ta karanta sunan da ke ƙasa, ta karɓa da hannu biyu, ta rungume. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago, fuskarta cike da murna, ta ce, “Kaka, ashe ƙarya ake yi wa Innata? Ashe kyakkyawa ce?”

Na rufe ɗiya, na rufe jikoki biyar, amma ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar wagga magana ba. Yarinyar ba ta yi laifi ba. Abin da anka koya wa idonta ke nan tun tana rarrafe: duk wadda anka so a waƙa fara ce, sumul ce. Sun ɗauke wa Abarta fuska tana raye, na haƙura. Yanzu sun biyo ta kabari za su ɗauke ta daga zuciyar ɗiyarta.

Ranar taron na tafi Konni, amalanke zuwa bakin titi, sannan mota. Da la'asar anka yi, a wani babban fili. Sunka zaunar da ni kujerar gaba, sunka ba ni lemo. Baƙuwar fuskar nan tana rataye bayan mawaƙa, tsawonta ya kai rumbu biyu. Mai Tabarau ya yi jawabi, ya ce Abarta ta koya mana mu karɓi juna yadda muke. Anka tafa. Anka kunna muryarta, dubban mutane na amsawa, in za ka sha, sha da ɗinkina, wasu sun ɗora hannu a ƙirji. Ni ina kallon sama, ina neman ɗinkin.

Da ya sauko zai gaishe ni gaban na'ura, na kama hannun rigarsa. Na tambaye shi hotona. Ya ce yana buro, ofishinsu, wurin ma'aikatansa, za a nemo. Na tambaye shi wa ya goge mata zane. Ya yi murmushi, ya rage murya, ya ce, “Haba Kaka, gyara ne kawai, don mu girmama ta. Kowa haka ake yi mai yanzu, ni ma nawa sai an gyara.”

Na ce, “Ɗana, me ya lalace da kunka gyara?”

Ya juya wajen na'ura. Wata mata ta matso da turmin atamfa tana cewa in riƙe in kalli can in yi murmushi. Na aje musu atamfar kan kujera na fito.

Tun ranar nake tambayar kaina me Abarta za ta ce in ta leƙo yau. Na san da dariya za ta fara. Za ta ce, Kaka, dubi yadda na yi kyau bayan na mutu, da na sani ai da na mutu da wuri. Sannan za ta zaga gari ta ga abin da nake gani. Ba a taɓa yin zamanin da ake waƙar so kamar wannan ba. Daga wayar mai shayi har ta mai facin taya, so ne, so ne, ina son ki yadda kike. Ba a kuma taɓa yin zamanin da 'yan mata ke ƙin fuskarsu kamar wannan ba. Man da ke ɗaye fata ya fi man gyaɗa kasuwa. Yarinya ba ta aika hotonta sai waya ta wanke ta ta zama wata. Garin neman gira ana ta rasa ido. Su wa sunka koya musu? Waɗanda ke rera musu a so kowa, sannan su zaɓi fuska iri ɗaya su nuna musu wadda ake nufi da kowa.

So da baki ba wuya, ko aku ya iya. Ni abin da na sani, wanda ya so ƙwarya shi ke kai ta wurin gyartai, ya kuma sha a cikinta gaban baƙi. Wanda ya jira ta fashe sannan ya sayo sabuwa ya rubuta mata sunan tsohuwar, ba ƙwaryar yake so ba, sunan da zai yi da ita yake so. Ku da kunka tafa a filin nan ban ce ku mugaye ne ba. Amma a cikinku akwai waɗanda iyayensu mata ke da zane, na gan su, na ga masu irin na Gobir da na Adar a cikin taron. Ba wanda ya ɗaga kai ya tambaya ina ɗinkin da ake waƙa.

Da na dawo gida na zaunar da Saude na faɗa mata komai, tun daga yayyen uwarta huɗu har zuwa lema. Ta yi kuka. Ba Mai Tabarau ta fara tuhuma ba, ni ta tuhuma. Ta ce shekara goma hoton na cikin adudu ƙarƙashin gadon da take kwana, na hana ta, na ba baƙo. Gaskiyarta ce. Kwana huɗu tana gaishe ni da baki kawai. Hoton gilashin kuwa ba ta sauke shi daga bango ba, ni ma ban ce ta sauke ba. Wa zai ce wa marainiya ta yar da uwa, ko ta aro ce?

Ranar Juma'a da hantsi ta zo da tandun kwallina ta durƙusa ta ce, “Kaka, nuna mini inda suke.” Ta sauko da hoton ta aje mini a cinya. Na dangwali kwalli, na kai hannu, na tsaya. Baƙuwar fuska ce, ban san hanya a kanta ba, hancin da zan faro daga shi ma ba na Abarta ba ne. Sai na ɗago na ga fuskar da na sani tana gabana, baƙa, mai faɗin goshi, tana jira. Na ce ta matso. Na ja dogon daga karan hanci zuwa kuncin hagu, na ja uku nan, uku nan, a daidai inda na ga aska ta bi. Ta ɗauki madubi. Ta daɗe. Sannan ta yi ɗan murmushi, billen kwallin ya lanƙwashe kamar jinjirin wata.

Da madubi a hannu ɗaya, kwalli a ɗaya, ita da kanta ta kwafe zanen a kan gilashin.

Ranar kasuwa Idi ya zo ganin ɗiyarsa, ya yi furfura yanzu. Ya tsaya gaban hoton bai ko zauna ba. Can ya ce yanzu ya gane ta, sai dai ita da ke cewa ya wanke fuska a ga mutum, ga shi ita sunka shafa wa siminti. Munka yi dariya mu uku, irin wadda ake yi ana jan hanci.

To, ɗana Mai Tabarau, na san za a karanta maka. Ba na son atamfa, ba na son a sake zuwa a yi mini kuka gindin darbejiya. Ɗan ƙaramin hoto ne, bai kai tafin hannu ba, gefensa ɗaya ya ɗan ci ruwa. Ka sa a duba buro ɗinku. In an samu, a ba kowane direba mai bin hanyar Badaguishiri, a ce gidan Tamo mai albasa. Ba nawa ba ne, na marainiya ne, kuma ka san abin da anka ce game da kayan maraya.

In na auna abin da ya rage na Abarta bayan shekara goma, muryarta na hannun kowa, ba mai iya ƙwace ta kuma ba mai iya maido mana ita. Sunanta yanzu ya fito, a ƙarƙashin fuskar wata. Fuskarta ta gaskiya kuwa, har watan jiya a wuri biyu kawai take, idon Idi da nawa, nawa kuma ya fara dushewa. Allah ya jiƙan Abarta, ya sa ta tashi da hasken da ba na kanti ba.

Kwalli ba ya zama a gilashi. Kwana biyu ya dushe, in an share ƙura ya tafi. Duk Juma'a sai Saude ta sauko da hoton ta sake ja. Makon farko da na biyu tana tambayata ko nan ne, ko ya ƙara gangarowa. Juma'ar da ta wuce ina tsakar gida ina tsince wake, ba ta kira ni ba. Na ji ta a ɗaki tana ƙirgawa a hankali, kamar yadda na ƙirga ranar da uwarta ke cinyata. Na tsaya da tsintar ina saurare. Ta kai bakwai ta tsaya.